Tulun Inna a Akwatin Gwamnati

Shekaranjiya da la'asar aka yi ruwan farko a Kaura Namoda, ni kuwa ina ƙarƙashin gado. Ba shawara na yi da kaina na shiga ba. Tsawa ce ta fashe a kan kwanon ɗakin da dangi suka sauke mu, kafin in ankara sai na ji ƙura a bakina, goshina ya daki wata tsohuwar fanteka. Ni ce fa mai auna ruwan sama a garinmu. Aikina ke nan, har da katin shaida mai hotona.

Inna Kulu, kakata da ta riƙe ni tun ina rarrafe, tana zaune a kan gadon. Ta sunkuyo ta ɗaga zanen gado.

"Ke ma'aikaciyar gwamnati, ruwan na can waje. Nan ƙasa kyankyasai kaɗai za ki auna."

Na so in yi dariya, na kasa. Tun safiyar da muka baro gida da gudu, 'yan makonnin da suka wuce, duk wata ƙara bindiga ce a kunnena. Ko murfin tukunya ya faɗi sai na nemi bango. Ina nan kwance ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya mayar da ni shekarar da muka nemi wannan ƙamshin kamar mu yi hauka, shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara kuma aka tashi sare ƙarfen Kawu Lawali.

Kawu Lawali wan mahaifiyata ne, ɗan farin Inna. Karatun yanayi ya yi, na iska da gajimare da ruwan sama. Ya daɗe yana roƙon manyansa su kafa tashar awo a wajenmu, can bayan Birnin Tsaba, don a cewarsa duk hasashen da ake yi mana a rediyo da awon wasu garuruwa ake yin sa. Da ƙyar suka yarda, da sharaɗin in tashar ta lalace a wuyansa take, kuma ba za a sake kafa wata ba. Ya bar iyalinsa a Kaura, ya tare a shagon ƙofar gidanmu, ya kafa kayansa a filin Inna da ke bayan darni.

Kayan ba su da yawa. Akwai gwangwani mai mazurari da kwalba a ciki, na tarar ruwan sama. Akwai farin akwati a kan ƙafafu, jikinsa duk tsaga-tsaga don iska ta ratsa, a ciki da 'yan sandunan gilashi masu nuna zafi da laimar iska. Sai dogon ƙarfe, a ƙolinsa ƙoƙuna uku da ke juyawa in iska ta taso. Mutanen gari ba su wahalar da kansu ba, suka sa wa abin gaba ɗaya suna fanka.

Da yake ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa nuna ta san yana wani abin kirki a duniya. "Wancan" take ce masa. In ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon kaji. Ranar da aka kafa ƙarfen ta fito ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Duk bokon da anka yi, ashe na shanya ƙoƙuna na." Ta koma ciki.

Azumin shekarar ban ga irinsa ba. Lokacin ina ajin farko na sakandare, muna zuwa Birnin Tsaba a ƙasa. Kafin hantsi yashi ya fara cin ƙafa ta cikin silifa. Rijiyarmu ta ja baya har sai an ƙulla igiya biyu, guga kuma ya fito da rabin laka, a zuba a bari ya kwanta. Gero ya ƙare a rumbu, saura na iri da Inna ta rataye a rufin ɗakinta, inda ko ɓera sai ya yi alwala kafin ya kalla. Da sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ba ta san mai ba. Da rana kowa ya nemi gindin bango ya jiƙa zane ya rufa, kafin ka gyara kwanciya zanen ya bushe. Awaki suna tsaye baki buɗe. Da magariba kunun tsamiya ne tsararo, ka ga fuskarka a ciki.

Abu ɗaya ne muka fi kowa a unguwar: ruwan buɗa-bakinmu sanyi gare shi har ya riƙe haƙori. Maƙwabta suna aiko da kofi a sam musu. In an tambayi Inna sirrin sai ta ce ɗan tulunta ne mai albarka, na wata maginiya ce a Moriki da ta riga mu gidan gaskiya.

Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, har mata su fara kwashe shanya. Sai iska ta taso da ƙura da ledoji, ƙoƙunan Kawu su kama gudu har ba ka ganinsu, hadarin ya yage biyu ya wuce. Washegari a ji an yi ruwa a Moriki, an yi a hanyar Shinkafi. Waɗanda suka yi binne, wato suka shuka a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya tarar da irin, zabi da tururuwa suka yi musu godiya. An fita roƙon ruwa, manya da yara, an juya riguna, an dawo da ƙishi.

Sarkin Noma Bawa ne ya fara faɗa a fili. Dattijo ne mai faɗin murya, gonarsa ta fi ta kowa, saboda haka asararsa ma ta fi ta kowa. Wata la'asar ya zo da jama'a bayansa, suka tarar da Kawu a gaban akwati. Ina leƙe ta tsagar darni.

"Lawali, fankar ga taka ita ka kore muna hadari."

Kawu ya rufe akwatin a hankali. "Baba, ba ita ke kaɗa iska ba. Iska ke kaɗa ta."

"Wa ya ga wanda ya fara?"

"Ba ta da inji, ba ta da batir. Ƙoƙuna ne kawai."

"Ni dai abin da idona ya gani nika faɗi. Duk ranar da ta kwanta, hadari bai gudu. Ranar da ta tashi gudu, hadari ya bi ta. Ko ƙarya nika yi, jama'a?"

Jama'a suka ce ba ƙarya. Kuma tsakani da Allah, in ka tsaya a inda yake tsaye, haka abin yake.

Kawu mutum ne da bai iya gardama ba, sai dai ya kawo lamba. Ya ce su saurara, yana da albishir. Kwanakin nan awon la'asar yana nuna masa abin da bai taɓa gani ba: zafi yana sauka, laima tana hawa, iskar garinmu ta jiƙe sharkaf. Har manyansa sun bugo waya suna tambaya ko tafki ne ya ɓullo a wajenmu. Ya ce in Allah Ya yarda, kafin a sauko daga Juma'a za a yi ruwa.

Sarkin Noma ya ce to. In an yi, shi da kansa zai shafa wa ƙarfen mai. In ba a yi ba, Asabar da safe za su zo da gatari.

Yadda Kawu ke aikinsa shi ne, da safe ya buɗe akwati ya karanta, ya hau babur ya tafi Zurmi inda waya ke kamawa ya aika, ya dawo da la'asar ya sake karantawa. Babur ɗin nan kuwa salansarsa ta fashe tun ban san kaina ba. Tun yana gangaren rafi ake jin tafiyarsa.

Ranar Alhamis mai ya ƙare masa a hanya. Ya turo babur ɗin a ƙasa, da azumi, ba ƙara ko kaɗan. Na dawo daga makaranta ke nan muka haɗu a bakin fili, rigarsa ta manne a bayansa. Ya jingine babur, ya buɗe akwati.

Ɗan tulun Inna na zaune a tsakiya, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana ɗiga a hankali. A gefensa ƙwaryar kunu, an rufe da faifai. Sandunan gilashin gwamnati an tura su kusurwa, cikin ladabi, ba a fasa ko ɗaya ba.

Kawu ya daɗe yana kallo. Sai ga Inna ta zagayo da sauri da zanenta a hannu, ta gan mu, ta rage tafiya kamar dama yawo ta fito.

"Inna," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "tun yaushe?"

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Shafa, ce ma wancan tun farkon azumi. Ce mai kullum ina jin kukan babur nika kwashe kayana, in share mai wuri. Yau shi ya zo kamar ɓarawo."

"Inna, laimar da nake aikawa ofis, ashe ta buhunki ce."

"Ce mai duk garin ga babu inuwa mai iska irin ta akwatin ga. An gina ɗaki mai kyau an zuba ma tsinken gilashi, mutane na mutuwa da ƙishi."

Uwa ce, kuma da azumi a bakinsa. Ya ɗauko tulun da hannu biyu ya miƙa mini, ya zauna a ƙasa a inuwar akwatin, ya ce, "Na yi wa gari alkawarin ruwa da tulu."

Da aka sha ruwa ya tafi masallaci ya gaya musu gaskiya, cewa awonsa ya samu matsala, kada kowa ya taɓa irinsa saboda maganarsa. Bai ambaci tulu ba. Sarkin Noma ya ce ya ji daɗin gaskiyarsa, kuma gatarinsa na nan an wasa. Da Kawu ya dawo bai iya cin tuwo ba. Na ji yana gaya wa wani abokinsa a zaure cewa in ƙarfen ya faɗi, shi ke nan, za a kwashe sauran kayan, shekarun da ya yi yana roƙo sun tafi a banza. Inna tana tsakar gida tana jan carbi. Na dai lura carbin ya tsaya a hannunta.

Garinmu ba a Juma'a, sai an je Birnin Tsaba. Kafin azahar duk wani namiji mai ƙafa ya kama hanya, har Kawu. Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba Inna ta ɗaure ɗamara ta ce, "Shafa, bi gida-gida ki ce ina gayya."

Mata suka zo suna tsammanin daka ne. Inna ta nuna darnin bayan gida ta ce a tuge shi.

A tsakar ranar nan, da azumi, muka tuge itatuwan darni ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta yi tauri kamar dutse, sai mun zuba ruwan wanke-wanke kafin rami ya haƙu. Masu ciki da masu jego, da ba sa azumi, su aka ba tabarya suna dakan gindin itace. Inna ta hana a kafa sabon darnin kusa da kayan Kawu. Ta ce wancan kullum yana mita kada komai ya tare musu iska, don haka a buɗa sosai. Ashe duk shekarun nan tana ji. Da muka buɗa sai darni ya kasa, ya bar gibi ya fi rabi. Aka shiga gidaje aka kwaso zana da tsofaffin tabarmi. Da su ma suka kasa, Inna ta ce a kawo zannuwa. Muka ja igiya muka shanya su jere, har da na wata amarya da ba a taɓa wankewa ba. Leɓunanmu sun tsage, wata ta zube aka yi mata fifita ta tashi ta ci gaba, ana yi ana dariya marar sauti don babu yawun yin mai sauti.

Da maza suka dawo, akwati da gwangwani da ƙarfe duk suna cikin gidan Inna Kulu.

Asabar da hantsi suka iso, Sarkin Noma a gaba, gatari a kafaɗa, Liman a gefe don a yi abu bisa ƙa'ida. Suka zagayo ta inda suka saba, suka yi kiciɓis da zanen amarya yana kaɗawa. Suka ja da baya kamar sun taka wuta. Can Sarkin Noma ya gyara murya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam," in ji Inna daga ciki. Tana zaune a gindin ƙarfen a kan tabarma, mata kewaye da ita ana tsefe kai. "Wa ka sallama?"

"Kulu, ni na, Bawa. Jiya wurin ga fili na."

"Jiya ke nan. Gida ya yi muna kaɗan."

"Ke da jikanya ɗaya?"

"Tana girma."

"To mun zo ga ƙarfen ga."

"Bismillah, shigo. Matan mutane na nan kai buɗe, har da taka uwargidan. Ga ta nan ana mata kitso, in kira ta?"

Muka ji wani a baya ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Sarkin Noma ya juya ga Liman. Liman ya ce shi dai a saninsa baligi ba ya shiga gidan wani a kan iyali, ko gidan jiya aka yi shi. Aka nemo Kawu, aka ce shi ɗan gida ne, ya shiga ya sauke da hannunsa. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce gidan ba nasa ba ne, kuma bai taɓa ɗaga abu a gidan mahaifiyarsa ba da izninta ba. Wani ya kawo shawarar a jefa igiya daga waje a jawo. Liman ya tambaye shi, in ya faɗo a kan matar wa?

"Kulu," in ji Sarkin Noma, muryarsa ta sauko, "don ɗanki kika yi wanga aiki."

Nan ne kaɗai na ji muryar Inna ta yi rawa, kaɗan. "Wane ɗa? Ni ina ruwana da shirgin wancan. Wurin sanyaya tuluna nika tsaro."

Suka tsaya har rana ta fara dukan ƙeya, sannan suka watse ɗaya-ɗaya. Gatari ya koma gida bai ci komai ba.

Ruwa bai zo ranar ba, bai zo makon ba. Sai bayan Salla ya sauko, lokacin da kowa ya gaji da zargin kowa. Muka yi shuka a makare, geron ya yi abin da ya samu, dawa ta ɗan rufa asiri. Sarkin Noma har ya rasu yana cewa darnin ne ya tare iskar fankar, shi ya sa hadari ya samu ya tsaya. Kawu ya sa kafinta ya ƙera wa Inna nata akwatin, ya shafa masa farin fenti iri ɗaya. Ta karɓa ta hannuna, ta ce bai kai na gwamnati sanyi ba.

Abin da ba wanda ya hango shi ne ranar da aka yi wa Kawu canjin wurin aiki zuwa Gusau. Aka turo wani malami ɗan Shinkafi ya gaje shi. Ya zo da jakarsa, ya yi sallama a bakin darni, Inna ta ce ba a shiga. Bawan Allah ya yi mako yana tsaye a waje yana ɗaga murya, "Duba na hagun, ina jan layin ya tsaya?" ni kuma ina ciki ina amsawa. Daga ƙarshe ofis suka ga ya fi sauƙi su koya mini aikin. Da na gama sakandare aka ba ni shi gaba ɗaya. Kowace safiya in buɗe akwati, in tsiyaye ruwan kwalba a gilashin awo, in durƙusa har idona ya yi daidai da layin, in aika.

Waɗanda suka zo bana ba su yi sallama ba. Ina gaban akwatin ne da safe na ji baburan, da yawa, sannan na ji ɗaya ƙarar. Ban san yadda zan rubuta sauran ba, hannuna ba ya yarda. Mun bi ta rafi, ni da Inna da ƙullin kayanta da ta ƙi yarwa duk da ina roƙonta ina kuka. Mun kai Zurmi da ƙafa, daga nan mota ta kawo mu Kaura. Wani maƙwabcinmu da ya saci jiki ya koma dubo gari ya ce darnin ya ƙone ƙurmus, akwatunan biyu an farfasa. Ƙarfen kuwa yana tsaye, ƙoƙunan suna ta juyawa su kaɗai. Inna ta saurara har ya gama, ta ce, "Tuluna fa?" Ya ce bai duba ba. Ta ce shi ya sa ba a aiken namiji.

Shekaranjiyan nan, da ruwa ya ɗauke, ta sake ɗaga zanen gado ta ce in fito haka nan, aiki na jirana. Na ce wane aiki, Inna, ba abin da ya rage. Ta nuna tsakar gida da haɓa.

A kan kifaffen turmi, nesa da bakin kwano, nesa da bango, ga mazurarin tasharmu a bakin kwalbarsa, an tokare da duwatsu. Ga gilashin awo a gefe, naɗe a cikin ɗankwalinta. Abin da ke cikin ƙullin ke nan. Ta bar tasoshinta da zannuwanta na Salla.

"Don ɗura man gyaɗa na ɗauko shi," ta ce, tana kallon kajin masu gida. "Tun da ya tari ruwa, auna ki gaya ma wancan."

Na durƙusa a cikin taɓo. Ruwan yana rawa a gilashin, sai da na ajiye shi a kan turmin na jira mu duka biyu muka natsu. Na karanta, na aika wa Kawu, na rubuta masa cewa awon Kaura ne, daga tashar Inna.

Ba a jima ba waya ta yi ƙara, na zabura har na kusa ture kwalbar. Saƙonsa ne. Na karanta a fili: "Alhamdu lillahi. Amma duba mini da kyau, ba ta ƙara da na tulu ba?"

Inna ta juya mana baya, ni da wayar. Kafaɗunta suna motsi, ban sani ba ko dariya ce.

"Ce mai tulun na can inda ya baro ƙarfensa," ta ce. "In ya tashi zuwa dubo nashi, ya dubo min nawa."